Zaɓen kalmar shekara da addu'a da istihara: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Makka, Madina da Jidda

Da zarar alhazai sun fara komawa gida, Zulhajji ya doshi ƙarewa, akwai tambayar da ke yawan zuwa wa masu karantarwa a unguwannin Hausawa, daga Shara Mansur a Makka har Karantina a Jidda. Mutum yana so ya shiga sabuwar shekarar Musulunci da kalma guda da zai riƙe, haƙuri ko amana ko zumunci, kuma yana so ya roƙi Allah kafin ya zaɓa. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa da amsoshinsu.

Tambaya: Me ake nufi da kalmar shekara?

Amsa: Hali ɗaya ne da mutum zai ware, ya sa shi a gaba tsawon wata goma sha biyu, yana auna kansa da shi. Ba laƙani ba ne, ba wuridi ba ne, ba kuma abin da ake rubutawa a wanke a sha ba. Kalmar ita kaɗai ba ta da wani sirri. Amfaninta shi ne ta hana niyya watsewa, domin wanda ya ce zai gyara komai a shekara guda yakan ƙare bai gyara komai ba.

Tambaya: Allah gafarta Malam, wannan abu yana da asali a addini, ko bidi'a ce muka ɗauko daga wasu?

Amsa: A raba abu biyu. Na farko, shigowar shekara. Lissafin Hijira da muke amfani da shi an tsara shi ne a zamanin halifancin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, bayan wafatin Annabi (SAW). Saboda haka babu wata salla ko azumi da Annabi ya ware wa daren ƙarshen shekara ko ranar 1 ga Muharram. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp cewa a rufe shekara da azumi a buɗe ta da azumi, ko a karanta addu'a kaza sau uku shaiɗan ya rabu da mutum har shekara ta zagayo, ba su inganta ba. Wanda ya ɗauka cewa zaɓen kalma a wannan dare ibada ce mai lada na musamman, ya shigo da abin da babu shi.

Na biyu, riƙe wasiyya guda. Wannan kam yana da asali mai ƙarfi. Wani mutum ya ce wa Annabi (SAW) ya yi masa wasiyya, ya ce masa kada ka yi fushi, ya sake tambaya, ya sake ba shi amsa ɗaya, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira. Sufyanu ɗan Abdullahi Assaƙafi ya nemi magana guda wadda ba zai sake tambayar kowa ba, aka ce masa ya ce na yi imani da Allah sannan ya tsaya daidai. Muslim ne ya ruwaito. A hadisin Abdullahi ɗan Busru da ke wajen Tirmizi, wani ya ce hukunce-hukuncen Musulunci sun yi masa yawa, a ba shi abin da zai riƙe, aka ce kada harshensa ya bushe da ambaton Allah. Mutum uku, tambaya kusan iri ɗaya, amsa daban-daban, kowa da abin da ya dace da shi.

Abin da muke gani shi ne, idan mutum ya ɗauki abin a matsayin tsari, kamar yadda ɗan kasuwa ke rufe littafin lissafi ya buɗe sabo, babu laifi, da sharaɗi uku: kada ya ƙudurce cewa sunna ce, kada ya ɗaure ta da wani dare ko wata salla ta musamman, kada ya zargi wanda bai yi ba. Akwai malamai a ƙasar nan da ba sa son a ware ƙarshen shekara don yi wa kai hisabi, suna cewa hisabi na kullum ne. Maganarsu tana da nauyi. Wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da ita, ya fara tsarinsa a kowane wata ya ga dama, babu abin da ya ragu.

Tambaya: Da Muharram zan fara ko da Janairu?

Amsa: Tunda ba ibada ce mai ƙayyadadden lokaci ba, duka biyun suna yiwuwa, amma mun fi son Muharram domin azumi, Hajji da zakka duk da watannin Musulunci suke tafiya, kuma su ne za su zama wuraren auna kai. Sai dai a kula da lissafi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11. Albashin ma'aikatan gwamnati a Saudiyya ya koma lissafin Miladiyya tun 2016, kamfanoni da yawa ma da shi suke biya. Wanda kalmarsa ta shafi kuɗi, kamar biyan bashi, ya tsara biyansa da ranar da albashi ke shigowa, ba da tsayuwar wata ba.

Tambaya: Ta ina zan fara? Kalmomin kirki suna da yawa.

Amsa: Ba daga jerin kalmomi ake farawa ba, daga shekarar da ta wuce ake farawa. Ka ware kwana bakwai zuwa goma a ƙarshen Zulhajji, kullum minti goma sha biyar, da takarda da biro. Ka raba takardar gida huɗu: salla da Alƙur'ani, haƙƙin mutane da kuɗi, harshe da fushi, sai iyali na nan da na gida. A kowane gida ka rubuta abin da ya faru da gaske, ba yadda kake ganin kanka ba. "Ina da sakaci" ba ta da amfani. "Asuba takan wuce ni duk ranar da na yi aikin dare", "riyal 3,600 na wane yana kaina tun Rajab", "wata huɗu ban kira gwaggo ba", waɗannan su ne ake nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan mako guda ka karanta abin da ka rubuta, ka nemi abin da yake maimaituwa a gidaje daban-daban. Sau da yawa matsala huɗu tushensu ɗaya ne. Wanda yake jinkirta salla, yake jinkirta biyan bashi, yake jinkirta sabunta takardunsa har tara ta hau kansa, kalmarsa ba uku ba ce, ɗaya ce, cika alkawari a kan lokaci.

Daga nan ka fitar da kalma uku, kada su wuce haka. Ka kai su wajen mutum biyu da suka san ka a gida da wajen aiki, waɗanda ba sa jin nauyin faɗa maka gaskiya: matarka ko mijinki, abokin ɗaki, malamin da kake ɗaukar karatu a wajensa. Tambayar da za ka yi musu ita ce, a cikin ukun nan wanne ne idan na gyara za ku fi samun sauƙin zama da ni. Shawara tana gaba, sai istihara a kan wadda ta rinjaya.

Tambaya: Yaya ake yin istiharar daidai?

Amsa: Hadisin Jabir ɗan Abdullahi ne a Buhari, inda ya ce Annabi (SAW) yana koya musu istihara a dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Za ka yi alwala, ka sallaci raka'a biyu waɗanda ba na farilla ba. Hadisin bai ambaci sura ba. Wasu malamai, irin su Imam Nawawi, sun so a karanta Ƙulya a raka'ar farko da Ƙulhuwallahu a ta biyu, amma duk abin da ka karanta ya isar. Bayan sallama sai ka ce:

Allahumma inni astakhiruka bi ilmika, wa astaƙdiruka bi ƙudratika, wa as'aluka min fadlikal azim, fa innaka taƙdiru wa la aƙdiru, wa ta'alamu wa la a'alamu, wa anta allamul guyub. Allahumma in kunta ta'alamu anna hazal amra khairun li fi dini wa ma'ashi wa aƙibati amri, faƙdurhu li wa yassirhu li, summa barik li fihi. Wa in kunta ta'alamu anna hazal amra sharrun li fi dini wa ma'ashi wa aƙibati amri, fasrifhu anni wasrifni anhu, waƙdur liyal khaira haisu kana, summa ardini bihi.

A wajen "hazal amra" ne za ka ambaci buƙatarka, da Hausa ma ya yi. Wanda bai haddace ba ya karanta daga takarda ko waya.

Akwai wurin da mutane ke kuskure. Ba a yin istihara a kan ko a yi wajibi, ko a bar haramun. Ba za ka tambayi Allah ko riƙon amana alheri ne ba, an riga an gaya maka. Abin da kake neman zaɓi a kai shi ne fifiko da hanya: cewa bana wannan zan sa a gaba, da wannan tsarin, da wannan adadin. Idan kuma hisabinka ya nuna kana barin salla ko kana riƙe da haƙƙin wani, babu jiran istihara, babu jiran Muharram. Tuba ake yi a ranar.

Tambaya: Wane lokaci ya fi, kuma dole ne sai a Harami?

Amsa: A guji lokutan da aka hana nafila: bayan sallar asuba har rana ta ɗaga, daidai tsayuwar rana, da bayan la'asar har ta faɗi. Wannan ba lamari ne na gaggawa ba, saboda haka babu dalilin shiga saɓanin malamai a kai. Mafi kyau sulusin dare na ƙarshe. Ga yadda ake gane shi: a ƙirga daga magariba zuwa asuba, a raba uku. A shekarun nan Muharram yana faɗowa ne a tsakiyar zafi, dare gajere. Idan magariba ƙarfe 7:00 ce, asuba 4:15, dare awa 9 ne da minti 15, kowane kaso awa 3 da minti 5, sulusin ƙarshe ya fara da ƙarfe 1:10. Wanda aikinsa ba zai bar shi ya tashi ba, ya yi bayan isha'i ko da hantsi.

Harami ba sharaɗi ba ne. Falalar salla a masallacin Makka da na Madina sananniya ce, wanda ya samu hali ya je. Amma wanda ke Jidda ba ya buƙatar biyan kuɗin mota don istihara, wanda ke Madina kuma ba sai ya jira izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ba. Raka'a biyu da natsuwa a kan darduma a ɗaki sun wadatar.

Tambaya: Na yi istihara dare uku ban ga komai a mafarki ba. Ko ba a karɓa ba ne?

Amsa: Hadisin bai ambaci barci ko mafarki ba ko kaɗan. Ganin fari ko kore, ganin ruwa ko wuta, duk ba ya cikin abin da aka koyar. Ka dubi lafazin addu'ar: idan alheri ne a ƙaddara maka a sauƙaƙa, idan sharri ne a kawar da shi daga gare ka. Amsar tana zuwa ne bayan ka fara aiki. Idan har yanzu kana kokwanto, babu laifi ka maimaita, amma kada ka zauna wata guda kana jiran alama. Ka ɗauki wadda shawara ta rinjayar, ka fara. Kuma kada ka ce wa mutane "Allah ne ya ba ni wannan kalma". Ka roƙa, ka yi shawara, ka zaɓa; ka faɗe shi haka.

Tambaya: Wata ta ce in rufe ido in buɗe Alƙur'ani, kalmar da yatsana ya faɗa a kai ita ce tawa. Wani kuma ya ce in ba shi sadaka ya yi mini istiharar.

Amsa: Duka biyun a bar su. Buɗe Alƙur'ani don neman fa'ali, manyan malaman Malikiyya irin su Alƙarafi sun hana shi, kuma illarsa a fili take: yatsa yana iya faɗawa kan ayar azaba, mutum ya shafe shekara cikin fargabar abin da ba shi da tushe. Alƙur'ani ana karanta shi ne da fahimta, idan wata aya ta taɓa ka a cikin karatunka na kullum, ka koma tafsirinta, wannan daban ne.

Shi kuwa mai karɓar kuɗi ya kwana ya kawo maka labari da safe, ko ya buga ƙasa, ko ya ja carbi yana ƙirga alheri da sharri, wannan duba ne ko da an kira shi istihara. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Neman addu'a wajen iyaye ko mutumin kirki ya halatta, amma raka'a biyun nan kai aka koya wa.

Tambaya: Malam, ni aikatau nake yi a gidan Larabawa, ba ni da lokacin kaina, ga shi ƙarshen wata yakan same ni ba na salla.

Amsa: Hajiya, mai haila ba ta salla amma tana addu'a. Ki karanta addu'ar istihara haka nan ba tare da raka'o'in ba, ko ki jira ki yi tsarki, tunda ranar 1 ga wata ba ta da wani fifiko a wannan. Batun lokaci kuma, hisabin ba dole sai da takarda ba. Ki ɗauki saƙon murya a wayarki, minti biyu kullum kafin ki kwanta, ki ajiye wa kanki, ki saurara bayan mako guda. Ki zaɓi abin da ke hannunki: istigfari ɗari yayin wanke-wanke ko guga, ko kame baki daga kai maganar wannan gida zuwa wancan. Kada ki ɗora wa kanki abin da sai da izinin uwar ɗakinki zai yiwu.

Tambaya: Na zaɓi kalmar. Sai me?

Amsa: Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane suke tsayawa. Kalma ba ta aunuwa sai an mai da ita aiki mai adadi da lokaci. Kowace kalma a ba ta aiki ɗaya na kullum ko na mako, da abu ɗaya da za a bari.

Wanda ya zaɓi Alƙur'ani: bugun Madina na ruwayar Hafsu shafi 604 ne. Shafi biyu kullum, ɗaya bayan asuba ɗaya bayan isha'i, sauka ce a kwana 302, da rarar kwana hamsin da 'yan kai don rashin lafiya da tafiya. Wanda ya taso da lissafin allo, izu sittin sumuni 480 ne, sumuni biyu a rana ya kai shi sauka a kwana 240.

Wanda ya zaɓi amana: ya rubuta duk bashin da ke kansa, suna da adadi, har da kuɗin adashi da saƙon da aka ba shi ya kai gida. Riyal 3,600 a wata goma sha biyu riyal 300 ne kowane wata, a cire shi ranar da kuɗi ya shigo, kafin cefane. Abin da zai bari: karɓar sabon bashi kafin tsohon ya ƙare.

Wanda ya zaɓi zumunci: ya jera sunaye goma sha biyu, ya sa waɗanda suka yanke shi a sama, domin hadisin Buhari ya ce mai sada zumunci shi ne wanda idan an yanke masa yake sadarwa. Kira ɗaya kowace Juma'a. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, tana gaban Sudan da awa ɗaya, saboda haka bayan la'asar a nan ya yi daidai da bayan an sauko daga masallaci a Kano ko Damagaram.

Wanda ya zaɓi sadaka: riyal 2 kullum riyal 708 ne a shekara, riyal 5 kuma 1,770. Wanda ya zaɓi haƙuri, wadda ita ce ta fi wuyar aunawa, ya ambaci wurin da yake faɗuwa: gardama da fasinja, ko tsawa ga yara bayan dawowa daga aiki. Aikinsa shi ne abin da sunna ta koyar, ya nemi tsari daga shaiɗan, ya yi shiru, idan yana tsaye ya zauna. Da dare ya sa alama a kalanda, ya yi ko bai yi ba.

A fara da kaɗan. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Tambaya: Idan na karya, akwai kaffara a kaina?

Amsa: Idan niyya ce kawai, babu. Ka yi istigfari ka ci gaba daga inda ka tsaya, ba sai ka rama kwanakin baya ba. Amma idan ka furta "wallahi zan yi kaza kullum", rantsuwa ce, karya ta yana jawo kaffarar da ke aya ta 89 a suratul Ma'ida: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. A Malikiyya mudun Annabi ɗaya ne ga kowane miskini; fatawar da aka fi bi a nan rabin sa'i ce, wajen kilo ɗaya da rabi na shinkafa. Idan kuma ka ce "na yi wa Allah alkawarin zan yi kaza", ka shiga babin bakance, wanda cika shi wajibi ne idan aikin ɗa'a ne. Shi ya sa muke cewa kada a rantse, kada a yi bakance. A ce "na yi niyya, in Allah ya so".

Tambaya: Me ya fi kashe wannan niyya kafin shekara ta raba?

Amsa: Na farko, zaɓen buri a maimakon hali. Arziki, aure, haihuwa, samun iƙama (takardar izinin zama a ƙasa), waɗannan abin roƙo ne, a roƙe su a sujada da tsakanin kiran salla da tada ita, amma ba su zama kalmar shekara ba domin ba a hannunka suke ba. Idan ba su zo ba, sai mutum ya fara munana zato ga Ubangijinsa. Na biyu, zaɓa wa wani: miji ya zaɓi "biyayya" yana nufin matarsa. Na uku, tallata ta. Wanda ya sa kalmarsa a Facebook ranar farko ya riga ya karɓi yabon aikin da bai yi ba, ga kuma haɗarin riya. Mutum ɗaya ya isa ya sani, wanda zai tambaye ka duk wata.

Sai kuma lokacin aiki. Mai tura keken marasa ƙarfi a Harami, direba, mai aiki a otal ko gidan abinci, duk sun san yadda Ramadan da Zulhajji suke cinye dare da rana. Tun a Muharram a rubuta mafi ƙarancin abin da ba za a sauka ƙasa da shi ba a waɗannan watanni, misali rabin shafi a maimakon shafi biyu. A sa ranakun dubawa uku: farkon Rabi'us Sani, farkon Rajab, da bayan ƙaramar salla.

Tambaya: Zan iya canza kalmar a tsakiyar shekara? Kuma za mu iya yin ta gida guda?

Amsa: Za ka iya, idan hali ya canza, kamar rashin lafiya, rasuwa ko rasa aiki. Idan dai don ta yi nauyi ne, rage adadin, kada ka canza kalmar. Ta gida guda ma tana yiwuwa, da sharaɗin a zauna a yarda tare, kuma maigida ya fara ambaton nasa aikin kafin na kowa. Yara a ba su abin da ake gani, kamar sallama kafin shiga ɗaki ko gaida maƙwabta.

Tambaya: To me ya tabbata da za mu yi idan Muharram ya kama?

Amsa: Addu'ar ganin jinjirin wata, wadda ake yi kowane wata: Allahumma ahillahu alaina bil yumni wal iman, was salamati wal Islam, rabbi wa rabbukallah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Muharram yana cikin watanni huɗu masu alfarma da aya ta 36 a suratut Tauba ta yi magana a kansu, tare da Zulƙida, Zulhajji da Rajab. Muslim ya ruwaito cewa azumin da ya fi falala bayan Ramadan shi ne na Muharram, kuma azumin Ashura, ranar 10 ga wata, yana kankare zunuban shekarar da ta gabata. Ana so a haɗa da ranar 9. A duba sanarwar Kotun Ƙoli ta Saudiyya kan tsayuwar wata kafin a ƙirga, domin takan bambanta da kalandar Ummul Ƙura da ke bango da kwana ɗaya, kuma 'yan'uwa a Najeriya suna bin sanarwar Sarkin Musulmi ne, wadda ita ma ba kullum take dacewa da ta nan ba.